Kwana Huɗu Forajin Unguwarmu Ba Wuta

Zuwa ga mai girma Darakta na kamfanin da aka damƙa wa rabon wutar lantarki a Damagaram.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki, ya kuma haƙuri da wannan fari. Sunana Malam Ari, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko. Da na yi ritaya, mutanen unguwarmu da ke bakin hanyar Tirmini suka ba ni riƙon forajinmu, wato rijiyar burtsatse, wanda ba ya ɗago ruwa sai da lantarki.

Na ɗaya. Ranar Talata da hantsi taransifon layinmu ya ƙone. Tafkuna sun ƙafe, rijiyoyi sun zama turɓaya, wannan forajin kaɗai ya rage wa mutane da dabbobi.

Na biyu. Na tafi bironku, wato ofishinku, da ƙafata. Aka ce ku sayar da wuta kawai kuke yi, waya da turaku na wani kamfani ne. Na je can, suka ce gyara an ba ɗan kwangila. Ɗan kwangila ya ce bai ga takarda ba. Ranka ya daɗe, da can mutum guda muka sani, Usmanu mai tsani, mai gyaran wuta. Ko ya makara, mun san ƙofar gidansa. Yanzu ƙofa uku, kowacce tana nuna mini ta gaba.

Na uku, wanda ya hana ni zama. Ƙanena Bukar ya koro shanunsa bakwai da suka rage daga Damagaram Takaya, don na aika masa cewa muna da ruwa. Ni na kira shi. Ranar Juma'a biyu suka faɗi a gaban kwamin shan ruwa, aka yanka su a kwance. Bai zarge ni ba. Cewa kawai ya yi, Yaya, ko ɗigo babu? Asabar wuta ta dawo, ya shayar da biyar ɗin, ya juya bai ko ci abincin gidana ba.

Ba na jayayya da sabon tsari. An ce gasa za ta gyara aiki, to. Amma ina roƙo a sa layin foraji da na gidan likita a gaban kowane layi, a ajiye taransifo na ko-ta-kwana a Zinder. A kuma rubuta mana sunan mutum ɗaya, mai rai, wanda in wuta ta mutu shi zai amsa. Yanzu ko fitila ta ɗan ƙyafta, sai in ga mata sun ruga da jarka.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare iyalinka daga ƙishirwa, ya saukar mana da damina mai albarka.

Wassalam.

Malam Ari, mai riƙon foraji, Zinder.