Bulon Auta

Litinin, 4 ga Mayu
Auta ta dawo daga jami'a da bulo shida a kwali. Wai babu siminti ko ƙwaya a ciki: tokar buntun shinkafa, ƙonannen yumɓu, da ruwan soda mai cin hannu. Sunan irin wannan haɗin jiyofolima, in ji ta. Shekara talatin da huɗu ina gini, yau 'yar cikina ce ke gaya mini hayaƙin masana'antar siminti yana ɓata duniya. Na ƙwanƙwasa ɗaya, ya yi ƙara mai kyau. Na mayar da shi cikin kwalin.

Alhamis, 7 ga Mayu
Huɗu sun tsage. Na ce ai dama. Uwarta ta harare ni har sai da na fita.

Asabar, 16 ga Mayu
Yarinyar nan ba ta cin abinci. Saura wata ɗaya malamanta su sa bulon a injin matsewa. In ya fashe, shekara biyunta ta tafi a banza. Yanzu tana zuba narkakken ƙaro a kwaɓin, wai zai riƙe shi kada ya riƙa tsagewa kamar gilashi. Na tsaya kallo. Ba ta bubbuga mazubin bulon don iska ta fita, kuma a tsakar rana take shanyawa.
Na ce, "Ke, bulo ba wanki ba ne. Rufe shi da leda, ki kai inuwa."
Ta ce, "Baba, da can me ya hana ka faɗa?"
Na je na ɗauko mata leda.

Laraba, 20 ga Mayu
Mun buga goma sha biyu tare, ita awo, ni kwaɓi. Ta tilasta mini sa safar hannu. Da na ƙara ƙaro da ido, ta sa na zubar da kwaɓin duka. Ni, a gidana.

Laraba, 17 ga Yuni
Goma sun jure injin, biyu sun fashe. Ta ci jarrabawar. Amma ta ce ba wanda ya san yadda zai yi da ruwan sama shekara da shekaru. Wannan maganar magina ce, ta burge ni.

Juma'a, 19 ga Yuni
Ɗakin ajiyarmu ya daɗe yana neman sabon bango. Na ce ta rubuta mini awon kwaɓin bulonta da manyan baƙi. Gwaji ne kawai, ba wani abu ba. Ta tambaya ko ta zo duba aikin ranar Lahadi. Na ce to, in injiniya ta samu lokaci.