Takardar Makarantar Vanesa

Jolana ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya sanyin garin Žilina? Mu muna nan, da haƙurin rashin ɗana Gejza.

Makaranta ta aiko da takarda a kan 'yarsa Vanesa, wai in sa hannu. Ranar gwajin shiga aji ɗaya ta faɗo washegarin jana'iza. Kin san mu 'yan ƙabilar Rom, kwana uku muke zaune da gawa, ba barci, ba taje kai. Haka na kai ta. Matar da ke gwajin ta ce ta zana gida, yarinya ta kifa kai a tebur ta yi barci. Suka rubuta ƙwaƙwalwarta ba ta ja, sai makarantar masu rauni.

Makarantar tana bakin unguwarmu, duk yaranmu ne, ba mai zaginta. Me kika gani?

Yayarki mai ƙaunarki,
Aranka

Yaya,

Ina gaisuwa. Kada ki sa! Gara hannun ya bushe da ya taɓa alƙalami.

Akwai abin da na ɓoye miki. Bara Gejza ya zo masana'antar motocin da nake wa shara neman aiki. Mai ɗaukar ma'aikata ya ga shaidar wannan makarantar, ya ce, "Yanzu inji ke ɗaukar kaya, mu mai karanta wa inji muke nema." Ya roƙe ni kada in gaya miki, don ke kika sa masa hannu ya shige ta. Daga nan ya tafi aikin ginin da ya ci ransa, ba igiya, ba hular kwano.

Ki yafe mini. Ki kai ta makarantar gari.

Taki,
Jolana

Jolana,

Na gaishe ki. Wasiƙarki ta kwantar da ni kwana biyu. Da na tashi, na je na ce a sake gwajin. Shugabar ta ce, "Baba, wahala za ki ja mata." Na ce na ji. Vanesa ta ci, ta shiga makarantar gari.

Cikin yara ashirin da shida ita kaɗai ce tamu. Iyayen farare huɗu, waɗanda ba Rom ba, sun cire 'ya'yansu saboda ita. Bencinta na mutum biyu ne, ita kaɗai ke kai.

Jiya ina yi mata wanka ta ce, "Kaka, ki ƙara sabulu, ko wani zai zauna kusa da ni."

Na ƙara. Gobe ma za mu je.

Allah ya tsare ki,
Aranka