Ɗan Kunnena a Hancin Jirgi

Zuwa ga Yayata abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baban yara da yaran baki ɗaya. Allah Ya sauƙaƙa miki ciwon bayan nan da tsayuwar shago take jawo miki, Ya sa albarka a cikin neman. Mu nan lafiya lau muke. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene ba tare da an riƙe ta ba, sai dai har yanzu ba ta yarda maganin likita ne ya yi aiki ba. Auta ya samu aikin da yake nema, yanzu ko gaisuwa sai ya gyara wuyan riga yake yi.

Saƙonki ya iso, na kuma karanta shi ya fi a ƙirga. Kin ce kin share mini ɗakin baya, in zo in zauna wurinki in riƙa taya ki shago, har sai mutumin da kike kira Shiru-shiru ya gane cewa mace ya aura ba kujera ba. Ban ga laifinki ba, don ni na kawo miki kuka. Ni na ce miki maigidan zai dawo daga gyaran firji, ya yi wanka, ya ci abinci, ya zauna gaban tebur da ɗan jirgin saman yaƙinsa na roba, ba zai ɗago kai ba sai an kira salla. Kin san ƙanwarki da littattafan soyayya. Na shigo gidan nan ina jiran ranar da za a riƙe hannuna a ce ni ce hasken rayuwa. Abin da na samu shi ne mutumin da idan abinci ya yi daɗi sai ya ce a ƙaro. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai wani yini da ban ba ki labarinsa ba, kuma kafin ki ji amsata ina so ki ji shi.

Kwana biyu kafin yinin na sauko da jakata na soma zuba kaya, sai zif ɗinta ya tsinke a hannuna, na tura ta ƙarƙashin gado a buɗe. Da safen yinin, wanda ranar hutunsa ce, na jawo ta, sai na ga zif ya gyaru, har an goga masa kyandir don ya yi santsi. Yaya, sai da na zauna a ƙasa. A littafi, namiji ya ga jakar matarsa, ai bakin ƙofa zai tare, idanunsa su kaɗa su yi ja. Ni nawa gyara mini zif ya yi. Na fita na huce haushina a kan wanki, na wanke har labulen da bai yi datti ba, na cika igiya, ban bar abin matse shanya ko ɗaya a kwando ba.

Ashe da su yake matse jirgin idan ya sa gam. Bayan azahar sai ga shi a ƙofar ɗaki yana sosa ƙeya, wai Malama, haka yake kirana saboda karatun nan nawa, ko zan ara masa hannuna na ɗan lokaci. Na tashi ina cika ina batsewa na bi shi.

Ban taɓa tsayawa na kalli abin da kyau ba sai ranar. Jirgin a kwali yake zuwa, gutsi-gutsi a jikin wasu sanduna na roba, sai an yanko kowane da reza an goge bakinsa da samfefa. Gangar jikin ɓari biyu ce, kamar ɓawon gyaɗa. A cikin ɓari ɗaya ya riga ya dasa mazaunin matuƙi, wurin da bai kai kan babban yatsana ba. Ya miƙo mini gilashin ƙara girma, na duba. Kujera da ɗamararta, agogunan gaban matuƙi kowane da farin ɗigon da ya sa da tsinken sakace, har da wani jan maɓalli da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta. Aikin da ya cinye masa makonni ke nan. Na tambaye shi wa zai ga wannan idan an rufe. Ya ce kusan babu kowa, amma shi ya san yana ciki.

Kafin a sa gam ya haɗa ɓarin biyu da salatif ya ɗora a kan fensir, sai jirgin ya koma baya ya zauna a kan wutsiya. Ya ce irin wannan sai an sa masa nauyi a hanci, in ba haka ba ko an gama ba zai tsaya kan tayoyinsa ba. Ya tura ɗan noti daga kayan aikinsa, ya rage kaɗan ya daidaita, noti na biyu kuma ya ƙi shiga. Ban san abin da ya taɓa ni ba, na shiga ɗaki na ɗauko ɗan kunnen nan da kika ba ni, wanda warinsa ya ɓace tun watan farko na aurena. Ɗan kunnen ya zauna a gefen notin kamar don wurin aka ƙera shi, hancin jirgin ya sauko a hankali. Maigidan ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in yi tunani, don idan aka sa gam ba a sake buɗewa. Na ce ya rufe.

Sai ya shafa gam, ya haɗa, ya jera yatsuna a inda yake so, ya ɗora nasa a kan nawa, ya ce kada in motsa har ya kama. To mutum biyu sun riƙe abu ɗaya, ba mai tashi, ba mai juya baya, dole a yi magana. A nan na ji cewa yana yaro gidansu kusa da filin jiragen soja yake, yakan kwanta a kan rufin ɗaki yana kallon cikinsu idan sun wuce. Ya nemi aikin matuƙi, ya ci duk jarrabawar, aka zo gwajin ido aka mayar da shi gida. Bai taɓa gaya wa kowa ya yi kuka ranar ba. Ni kuma da bakina ya buɗe sai na tambaye shi zancen zif. Can ya ce ya gyara ne don kada kayana su zube a hanya mutane su kalle ni, amma da zai samu yadda yake so, da jakar ta tsufa a ƙarƙashin gado. Iyakar abin da ya ce ke nan. Gam ya daɗe da kamawa, ba wanda ya cire hannu.

Tun daga ranar kujera biyu ce a gaban teburin. Da aka zo fenti na sha mamaki, don shafin farko muni gare shi, duk sawun burushi, roba na leƙowa ta ƙasa. Na ce ya lafta da kauri a huta. Ya ce mai kauri yana cike zanen jikin jirgin, sai dai a tsinka shi da ruwa, a shafa, a bari ya bushe, a sake. Zaman jiran bushewar ne ya ishe ni na soma karanta masa littafina da ƙarfi. Na zaci ba ya ji. Sai ga shi yana tambaya wai attajirin saurayin nan mai motoci barkatai, yaushe yake zuwa aiki. Washegari kuma tun bai cire takalmi ba ya tambaye ni ko yarinyar ta gane ƙawarta ce ke kai gulmarta. Yanzu idan na wuce shi da shafi ɗaya har fushi yake yi.

A shafin fenti na uku launin ya kwanta sumul, bayan jirgin kore da ruwan ƙasa, cikinsa kalar sararin sama. Saura siraran layukan da ke jikin gilashin matuƙi, su kuwa hannunsa rawa yake yi a kansu saboda ɗaukar kaya masu nauyi. Ya ce ya daɗe yana lura da yadda nake zizara kwalli ba ya kaucewa, ya miƙo mini burushin da gashinsa bai fi na gira ba. Ashe yana kallona, Yaya. Na ja layukan ina riƙe da numfashi, ɗaya ya ɗan karkace, ya ce a bar shi haka.

Kada ki zaci ya zama mutumin littafi. Har yanzu Shiru-shirunki ne, falo warin gam yake yi, abinci kuma a ƙasa muke ci don tebur ya zama filin jirgi. Jiya ma sai da muka yi musu, na ga ya ɗauki baƙin fenti yana ɓata bayan injin da muka sha wahalar gyarawa, wai jirgin da ya yi aiki dole a ga hayaƙi a jikinsa. Yana nan a kan kabad, tsaye a kan tayoyinsa uku, idan na girgiza shi kusa da kunnena ina jin ɗan motsi a hancin. Sabon kwali ma ya iso, mai farfela biyu, an ce ni zan yi mazaunin matuƙi.

Ki gaishe mini da Baban yara, ki yi masa godiyar ɗawainiyar da ya so ɗauka. Ki shafa mini kan Babban Yaya da 'Yar Baba, ki ce wa Sarkin Kuka ƙaramar uwarsa tana kewarsa. Mama da Auta suna gaishe ku, maigidan ma ya ce a gaishe ki, da bakinsa ya faɗa. Na san za ki ce daɗin baki aka yi mini, to ki yi haƙuri, ko shi ban samu ba. Ɗakin da kika share ki mayar da kayan shagonki ciki. Na zazzage jakata, ba zan zo ba.

Taki har kullum,
Ƙanwarki