Rotin Sadakar Baban Doina

Daren Laraba, Bukit Jalil

Baban Doina, maƙwabciyata 'yar Moldova, ya rasu. Ta kawo mini roti, wata irin gurasa, daga shagon abincin da ake kira mamak a nan, wai a garinsu burodi ake rabawa sadaka in an yi mutuwa.

Ta ce baban nata malamin makarantar ƙauye ne da ya zama ɗan majalisa. Yana kan kujera, da burodi da gishiri ake tarbarsa a bakin gari. Gwamnati ta sauya, aka ɗaure shi. Da ya fito, ko mai gaishe shi babu.

"Ke kaɗai na samu in ba," in ji ta.

Ɗazu Abbana ya kira yana murna, fastocin takararsa sun fito, gida ya cika maƙil. Na ce Allah ya ba da sa'a.

Rotin na nan ya huce. Na kasa ci.