Maɓallin da Inna Ba Ta Dannawa

Zuwa ga Mai Girma Darakta na kamfanin da ke sayar da maɓallin neman agaji na tsofaffi, Maradi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman gafara da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Ni ɗaliba ce a lakol a Gazawa, ko a aji ban cika ɗaga hannu ba. Da akwai babban da zai faɗi maganar nan, da ban taɓa biro ba.

Kakata, mahaifiyar mamata, muna ce mata Inna. Tana zaune ita kaɗai a Gangara da awakinta, kuma ta ce daga gidan nan sai kushewa. Bara Kawu Hamidu, wanda ke Maradi, ya saya mata na'urarku, wadda ake ratayawa a wuya. In tsoho ya faɗi sai ya danna jan maɓalli, ta kira salular wanda ya saya.

Na ɗaya. Ina shaida cewa kayanku na da kyau. Cajinsa bai taɓa ƙarewa ba, maɓallin kuma yana nan sabo fil, domin ba a taɓa danna shi ba tun ranar gwaji.

Na biyu. Kawu Hamidu ɗan fari ne. Ban sani ba ko a wurinku akwai wanda uwa ta haifa da fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zama hira da shi, balle ta nemi taimakonsa a gaban mutane. Inna "wancan" take ce masa. Ranar gwaji, maƙwabta sun taru, aka sa ta danna, sai wata murya ta mace ta ce da ƙarfi, "Ana kiran Hamidu." Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Har yau tana tambaya 'yar gidan wa ce wannan mara kunya.

Na uku. A farkon damina ta zame a bayan rumbu da hantsi, ƙugunta ya gurɗe. Na'urarku na kan ƙirjinta, hannunta lafiya lau. Ta kwanta a wurin har azahar, sai da wata mai tallan nono ta leƙo. Da farko ma cewa ta yi hutawa take. Da na matsa mata, ta ce ita ba za ta sa a yi shelar wancan ba don kawai ta faɗi, ai ba mutuwa ta yi ba. Na karanta takardar da ke cikin kwalin, ban ga inda aka yi bayanin yadda mamaci ke dannawa ba.

Na huɗu. Na hau kabu-kabu na je buro, wato ofishin wakilinku. Ya saurare ni da ladabi, ya ce lambar mai saye ba ta canzuwa sai mai saye ya zo da kansa. Kawu kuwa ya ce shi ne babba, shi za a kira. Ba zai tambayi Inna dalili ba, don shi ma kunyarta yake ji. Mamata ƙanwarsa ce, ba ta iya gyara masa magana. Saboda haka kowa ya san matsalar, ban da na'urar.

Yanzu Kawu ya yanke shawara: tunda maɓallin bai hana ta kwanciya a rana ba, bayan girbi zai sayar da awakin, ya kai ta Maradi, ɗakin sama. Inna ta daina cin abincin kirki tun da ta ji.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. Ka ba da izini tsohuwa ta zaɓi wanda za a kira mata. In an sa lambar jika, ba za ku ƙara jin kuka ba. Tsakanin kaka da jika babu kunya, sai tsiya. Inna ta ce in ni ce, za ta danna safe da yamma ta tambaye ni ko a lakol ɗin an fara koya mana dama fura. Na yarda. Ni sai in kira maƙwabcinta mai babur, sannan in kira Kawu.

In wannan ya gagara, a gyara bakin matar da ke ciki, ta riƙa cewa "Ana kiran wancan." Ban yi alkawarin Inna za ta danna ba, amma za ta daina zagin iyayen matar.

Allah ya ƙara wa kamfaninku kasuwa, ya ba ka tsawon rai, ya sa in ka tsufa ka samu wanda za ka kira ba tare da jin nauyi ba.

Gero ya fara fitar da kai. Ina neman izininka in sake rubutowa idan an gama girbi, ko don in yi godiya, ko kuma in tambayi yadda ake mayar da kayan da ba a taɓa amfani da su ba.

Wassalam.

Rakiya, jikar Inna,
Gazawa.