Inda Rijiyar Kalgo Ta Ƙare

Tasawa, 4 ga Janairu

Zuwa ga ɗiyata Hafiza,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Wasiƙarki ta iso. Na yi baƙin cikin jin mota ta karya wa maƙwabciyarku Tanna ƙafa a kan sabuwar kwalta. Allah ya ba ta lafiya.

Kin ce tunda an zaɓe ki cikin majalisar gunduma, za ki sa magajin gari ya gina tudun rage gudu. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, suna zaton hanyar da ta ratsa gari ta gari ce. Gwamnatin ƙasa ce ta biya kuɗinta, ita ke da ita. In kuka taɓa kwaltar ba izini, ma'aikatar hanyoyi tana iya dakatar da magudanan ruwan da ba a ƙarasa muku ba. Abin da ke hannun magajin gari shi ne ƙayyade gudu a cikin gari. Cikin gari kuwa, a idon doka, yana farawa daga allon da ke ɗauke da sunan garin. Kafin ki yi faɗa da kowa, je ki duba inda aka kafa naku.

Ki gaida mutanen gida.
Tsohon malaminki, Mushe Amani

Rijiyar Kalgo, 15 ga Janairu

Mushe,

Ina gaisuwa da girmamawa. Na je na duba. Allon yamma yana gindin tsamiya. Unguwar su Tanna, da famfo, da sabuwar makaranta duk suna bayansa, taku ɗari shida da ƙafata. Direba na wuce allon sai ya ƙara wuta, daidai inda mata ke tsallakawa da ruwa a kai.

Ashe mai garinmu, Baba Haruna, shi injiniyan hanya ya tambaya ya nuna masa ƙarshen gari. Baba ya kai shi tsamiya, inda tun kakanni ake raka baƙo a juyo. Na ce, "Baba, su Tanna fa?" Ya ce, "Wancan ai zango ne, 'yar nan. Makiyaya ne suka sauka." Na ce yau shekararsu talatin da sauka. Ya ce, "To, na ce su tashi ne?"

Hamza, ƙanen Tanna, ya tara samari, sun ce ranar kasuwa za su jibge kututture a hanya. Magajin gari kuma ba ya son ɓata wa Baba rai. Ni dai raina a ɓace yake.

Ɗalibarka, Hafiza

Tasawa, 21 ga Janairu

Hafiza,

Gaisuwa da fatan alheri. Taku ɗari shidan nan sun faranta mini rai, kin yi aikin da injiniya bai yi ba.

Majalisarku tana iya matsar da iyakar gari. Magajin gari ya sa hannu, a kai wa prefe, wakilin gwamnati, da ma'aikatar hanyoyi. Amma allon da aka kafa a bayan idon mai gari ba ya daɗewa a tsaye. Kada ki ce wa Baba ya yi kuskure, abin da aka tambaye shi ya amsa. Ki tambaye shi har ina ikonsa ya kai. Hamza kuma ki faɗa masa ɗan kabu-kabu mai babur kututturen zai fara kayarwa, ba babbar mota ba.

Allah ya yi miki jagora.
Amani

Rijiyar Kalgo, 2 ga Maris

Mushe,

Ina gaisuwa, ka yi haƙuri da shiruna. Hamza ya dakatar da maganar kututture, ya ba ni wata ɗaya. Na koma wurin Baba tare da Sulaiman, mijin Tanna.

Na ce, "Baba, in an yi gardama a zango, wa ke raba ta?"

"Ni mana."

"In an haihu, wa ake kai wa goron suna?"

"Ke, yau kika zo garin?"

"To allon gwamnati ya ce ikonka a tsamiya ya tsaya."

Ya dubi Sulaiman. Can ya ce a miƙo masa sandarsa. Da ƙafarsa ya taka har gidan ƙarshe, ya ƙara taku hamsin, wai saboda jikoki.

Majalisa ta amince, ma'aikatar hanyoyi ba ta yi musu ba. Jiya aka matsar da allon, aka kafa wani na ƙayyade gudu mai lamba talatin a gaban makaranta. Jandarma sun tsaya har azahar. Tanna ta fito tana dogara sanda, ta dubi allon ta ce, "Ashe sai yau muka iso."

Ɗalibarka, Hafiza

Tasawa, 8 ga Maris

Ɗiyata,

Barka, Allah ya yi miki albarka. Ki gaida Baba Haruna da Tanna.

Ƙauyuka huɗu na gundumarku ke bakin wannan hanya. Ki zaɓi ɗaya, ki je ranar kasuwarsu, ki zauna inda mata ke tsallakawa, ki ga abin da za ki gani. Wannan karon kada ki tambaye ni. Sai kin gama ki ba ni labari.

Amani