Waƙar Yaron da Bakin Uba Ya Kama

Daren Talata, unguwar Aƙiƙ a Madina

Ni ne babban mudirin filin jirgin Madina, kuma yau wata waƙar Sifaniyanci ta kusa tsayar min da zuciya. Wani alhaji da nake turawa a keken marasa lafiya yake rera ta, ɗansa ya fassara min da Larabci: yaro ne ya daka wa ubansa tsawa, uban ya yi masa baki, kafin gari ya waye ya mutu. Ashe su ma suna tsoron bakin uba.

To ni da safe na zuba wa Baba gishiri a shayi don tsokana. Ya kurɓa, ya ce, "Je ka, za ka gani." Wuni na yi ina tsallaka titi da Ayatul Kursiyyu.

Ina dawowa na durƙusa. "Baba, ka janye bakin nan, wallahi na tuba."

"Wane baki, ya walad, kai yaro? Ba ka sha shayin fulas ɗinka ba?"

Tsoro ya hana ni sha. Ya sa na shanye a gabansa, rabinsa gishiri, yana dariya har da tari.

Mudiri kuwa bai ma san da ni ba. Ni dai Sale ne mai tura keke, kuma Alhamdulillahi da raina zan kwana.